Shekarar da Gwangwani Suka Sassauta

Kassimu bai taɓa koyon kiɗa a wurin kowa ba. Yana ɗan shekara goma sha huɗu mahaifiyarsa Fatouma ta zo da shi da ƙanwarsa Aissa daga Maraɗi, suka yi umara, suka zauna ba takardun izini. Wani ɗaki suka samu a Mahjar, can kudancin Jidda, bayan shagon wani mai sayar da man girki. Gwangwanayen da mai shagon ke zubarwa su ne gangunansa na farko. Sai ya jera su a lungu, ya samo sanduna biyu, ya yi ta dukansu har maƙwabta su leƙo su kore shi.

A lungun nan Abdulghani da Saleh suka tsince shi. Su haihuwar Jidda ne, kakanninsu ne suka zo aikin hajji ba su koma ba. Suna jin Hausa sarai, amma in za su mayar da magana rabinta Larabci ne. Abdulghani yana da jitar lantarki, Saleh yana tara kuɗin sayen ta bas, mai kaurin murya. Abin da suka rasa shi ne mai ganga.

Kiɗan da suke so sunansa pank. Wani ɗan Filifin da ke aiki da Abdulghani a tashar jiragen ruwa ne ya ba shi kaset ɗin farko. Waƙa ce da ake farawa da gudu a gama da gudu, jita tana ƙara kamar injin niƙa, mai waƙa yana ihu kamar an taka masa yatsa. Da Fatouma ta ji sunan sai ta ce, "Fanka kuma? To ai fankar ɗakinmu ma ta fi wannan daɗin ji." Suka sa wa ƙungiyarsu suna Gwangwani, don tsokanar Kassimu, sunan kuma ya bi su.

Saleh yana aiki a wurin wani mai sayar da katifu, shi ke riƙe da makullin sito. A nan suke gwaji duk Alhamis bayan la'asar, tsakanin katifun da aka jingine har rufi, ba mai jin su daga waje. Babu zauren da zai karɓi irin kiɗansu a garin, don haka in wasa ya tashi sai samari su haɗa hannu su kama istiraha, irin gidajen hutun nan masu doguwar katanga da ake haya a bayan gari. 'Yan ƙasa, 'yan Pakistan, 'yan Iritiriya, 'yan Sham, duk a cakuɗe, ana tsalle ana bangazar juna. Faifansu na farko da rediyo mai kaset suka ɗauka. Ba a jin kalma ko ɗaya a ciki, amma ya zaga hannu da hannu har Makka da Ɗa'ifa.

A shekarar 2003 Fatouma ta gaji. Gwiwoyinta sun ƙi, zaman ɓuya kuma ya ishe ta, sai ta ɗauki Aissa suka koma Maraɗi. Kassimu ya zauna, domin mai garejin da yake wa aiki a unguwar Waziriyya ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, ya yi masa iƙama, takardar izinin zama. Gyaran na'urar sanyaya mota yake yi. Ɗakinsa yana saman garejin, taga ɗaya, tana kallon bangon wani gidan. Sai ya yi kwanaki ba wanda ya kira sunansa in ba don ya miƙo sifana ba. Amma ranar Alhamis, da zarar ya buga sandunansa a kan juna ya ƙirga musu shiga, komai na wurin shi yake bi. In ya ƙara gudu kowa ya ƙara, in ya tsaya kowa ya tsaya. Yakan fito daga sito riga sharkaf, kunne na ƙugi, zuciya fes.

Farkon shekarar 2006 mahaifin Abdulghani, Baba Haladu tela, ya faɗi a bakin kekensa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Abdulghani shi kaɗai ne namiji a gidan, shi ke ɗaga shi, shi ke yi masa wanka. Alhamis ta yi ta zuwa tana wucewa ba a buɗe sito ba.

Ranar da Abdulghani ya dawo sito, ya rame, bai ko kalli lasifikarsa ba. Wata tsohuwar jitar katako ya zo da ita.

"Ku saurara tukuna," in ji shi. "Kada wanda ya ce komai sai na gama."

Ya zauna a kan katifa ya fara. A hankali yake taɓa tsirkiyar, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ihu ya yi ba, rerawa ya yi, da Hausa, da harshen nan nasa mai karkata wajen Larabci. Waƙar wani mutum ce da ya tsufa a bakin teku yana ba 'ya'yansa labarin wata rijiya a garinsu. Kassimu yana riƙe da sanduna yana jira. Da Abdulghani ya kai ƙarshe sai Kassimu ya ce, "To yaushe waƙar za ta fara?"

"Ita ce wannan. Khalas, ta ƙare."

"Bon. To ni ta ina zan shiga?"

"A hankali za ka shiga, ya akhi. Kamar tafiyar mutum."

Saleh ya ce, "Wallahi ta yi kyau," amma ƙasa-ƙasa ya faɗa, yana satar kallon Kassimu.

Abdulghani ya ba su labarin yadda aka yi. Mahaifiyarsa, Hajiya Sharifa, ta hana duk wata ƙara a gidan saboda majinyaci. Shi kuma zaman ɗakin ya yi masa yawa, sai ya riƙa taɓa jitar katako a gefen gadon. Rannan ya ji tsohon yana wani ɗan gunguni da rabin bakinsa. Da ya kasa kunne sai ya gane ba nishi ba ne, amon waƙa ne, irin wanda kakarsu ke yi in tana daka. Ya bi amon da jita. Baba Haladu ya ɗaga hannun da ke motsi ya fara buga gefen gado.

"Tun da Abuya ya faɗi ban ga ya yi wani abu da kansa ba sai ranar," in ji Abdulghani. "Ina da irinsu da yawa yanzu. Ina so mu yi faifai na biyu da su. A sutudiyo, ba da rediyo ba."

Kassimu bai ce ba zai yi ba. Wa zai ce haka bayan wannan labari? Suka ɗauka ya yarda.

Sutudiyon ɗaki ne a gidan wani abokin Saleh mai suna Abdulghaffar, ma'aikacin banki, a wani bene da ke unguwar Safa. Ya liƙa kwalayen ƙwai a bango, ya ajiye kwamfuta da makirufo. Kassimu ya aro motar a-kori-kura ta gareji ya kawo gangunansa, ya yi ta hawa da su shi kaɗai. Tun kafin ya gama ɗaure su Abdulghaffar ya kawo tawul ya shimfiɗa a kan ƙaramar gangar.

"Saboda maƙwabta," in ji shi. "Kuma waƙoƙin ba sa son ƙarfi."

Suka fara. Kassimu ya riƙe hannunsa iya ƙoƙarinsa. Baiti na farko lafiya lau, amma da an shiga amshi sai ƙafarsa ta zabura, hannu ya bi ta, ya bar Abdulghani a baya.

"Kana gudu," in ji Abdulghaffar. "Mu sake."

Suka sake. Suka kuma sakewa. Tsakanin bugu da bugu akwai wani fili da Kassimu bai san abin da zai yi da shi ba. A tsohon kiɗansu babu irin wannan fili, ba ka da lokacin jin komai sai bugun da ke tafe. A nan kuwa yana jin numfashin Abdulghani, yana jin kalmomin, yana jin ƙamshin girkin matar gidan ta ƙarƙashin ƙofa, sai ɗakinsa na saman gareji ya faɗo masa a rai, sai hannu ya ƙwace.

Da aka kira magariba ba su ɗauki ko waƙa ɗaya ba. Abdulghaffar ya cire abin sauraro daga kunnensa ya juyo, ba da wata mugunta ba, ya ce, "Akwai hanya mai sauƙi. Kwamfutar nan tana iya buga ganga. Ba ta gudu, ba ta jinkiri."

Saleh ya sunkuya yana gyara wata waya da ba abin da ya same ta. Kassimu ya jira Abdulghani ya yi magana. Abdulghani ya buɗe baki, ya rufe. Sai Kassimu ya tashi, ya ninke tawul ɗin ya ajiye a kan kujera, ya fara kwance gangunansa.

A kan matakala Abdulghani ya riske shi, babbar gangar tana rungume a ƙirjin Kassimu.

"Ba korarka aka yi ba, Kassimu. Magana ce kawai ya yi."

"Kai kuma ka yi shiru."

"Ina tunani ne. Ban san ko Abuya zai kai wani watan ba. Ina so ya ji faifan."

"To ka yi shi da sunanka. Me ya sa sai da sunan Gwangwani? Ka mayar da mu makaɗan biki."

Abdulghani ya ɗaga murya. "Shekara da shekaru muna ihu, wa ya taɓa jin abin da muke faɗa? Faɗa mini, wa ya ji?"

"Ni na ji," in ji Kassimu. Ya gyara riƙon gangar ya ci gaba da sauka.

Ya jibge gangunan a kusurwar ɗakinsa, ɗaya kan ɗaya, har suka zama wurin rataye kayan aiki. Saleh ya kira shi sau da yawa bai ɗauka ba, daga baya kiran ya ragu. Abdulghani bai kira ba. Ranar Alhamis ta zama ranar da ta fi kowace tsawo. Wani lokacin ya hau bas zuwa bakin teku ya zauna a kan dakali, yana kallon iyalai sun shimfiɗa darduma, yara suna ta guje-guje, ya sayi shayi ya sha, ya dawo. Ranar Juma'a yakan sayi kati ya kira Maraɗi. Fatouma ta tambaye shi ko yana cin abinci, ta ce Aissa ta haihu, ta ce, "Yaya abokanka masu fanka?" Ya ce suna lafiya.

Sau ɗaya ya je istiraha jin wata sabuwar ƙungiya. Wani da ya san shi ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Gara da ka bar su. Ka ji sabon faifan kuwa? Gwangwani sun zama ruwan shayi." Waɗanda ke kusa suka yi dariya. Kassimu ya yi zaton zai ji daɗin maganar, sai ya ji ransa ya ɓaci. Bai jira an gama ba ya fita ya nemi motar da za ta mayar da shi gari.

Tsakiyar zafi, lokacin da motoci ke layi a bakin garejin, wani dattijo mai suna Na'ibi, direban wani gida a Safa, ya kawo mota tana hura iska mai ɗumi. Kassimu ya gano inda iskar gas ke zurarewa, ya toshe, ya cika, sannan ya shiga ya rufe ƙofa ya tayar da injin don ya gwada. Tare da sanyin sai ga muryar Abdulghani ta cika motar.

Na'ibi ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna yana fifita da hula. "Ka san su? Yaranmu ne, 'yan Mahjar. Mai ɗakina ce ta sa na kwafo mata, ni kuma na riƙe ɗaya. An ce da can ihu suke yi kamar masu aljanu. Ka ga yanzu Allah ya shirye su."

"Haka ne, Baba," in ji Kassimu.

Ya saurari gangar. Ba ta kuskure ko kaɗan, kowane bugu daidai da ɗan'uwansa. Jitar lantarkin tana nan, amma yanzu ba niƙa take yi ba, tana bin muryar ne a baya. Saleh ma ashe ya iya amshi. Sai aka zo wata waƙa da babu ganga a cikinta ko ɗaya. Jitar katako ce kawai, da wani amo can ƙasa, na tsoho, yana rawa yana yankewa, da ɗan bugun hannu a kan katako wanda ba ya zuwa daidai. Kassimu ya gane shi nan take. Mutumin da ya ɗinka masa rigar sallarsa ta farko a Jidda ne, ya ƙi karɓar komai.

Ya zauna, hannu a kan sitiyari, har waƙar ta ƙare. Na'ibi ya dube shi ya ce, "Sanyin ya yi ai, ɗana." Daga waje mai gareji yana buga gilashi yana cewa yalla, akwai motoci suna jira.

Kassimu ya yi niyyar zuwa duba Baba Haladu a Juma'ar nan. Juma'a ta zo ya ce sai ta gaba. Bai san da wace fuska zai shiga gidan ba, bai kuma san abin da zai fara faɗa ba. Yana cikin wannan jan ƙafa Saleh ya kira shi wata safiya, wannan karon ya ɗauka. Baba Haladu ya rasu da asuba.

An jera kujeru a titin ƙofar gidan, ana zagayawa da gahawa. Kassimu ya bi layin masu gaisuwa. Da ya iso gaban Abdulghani ya miƙa hannu ya ce, "Allah ya jiƙan Baba, Allah ya ba mu haƙuri." Abdulghani bai karɓi hannun ba, rungume shi ya yi, ya daɗe bai sake shi ba. Kassimu ya dawo washegari, da kashegarinta, yana taya ɗaukar kujeru.

A ranar ƙarshe ta zaman makoki Abdulghani ya gaya masa sauran labarin. Wurin aikinsa sun sallame shi tun cikin jinya saboda yawan fashi. Ba aiki, ba kafili, iƙamarsa kuma ta kusa ƙarewa. Ga Hajiya Sharifa ta ce in ta fita takaba ba abin da ya rage mata a nan, tana so ta koma wurin 'yan'uwanta a Katsina.

"Fasfon Najeriya gare ni," in ji shi, yana ɗan murmushi. "Ƙasar da ban taɓa gani ba sai a talabijin."

Ranar tafiyar Kassimu ya sake aro a-kori-kurar gareji, aka loda akwatuna da keken ɗinkin marigayin. Hajiya da sauran mata suka shiga motar da Saleh ya samo. Abdulghani ya zauna gaba kusa da Kassimu, jitar katakon tsakanin gwiwoyinsa. Hantsi ne, hanyar filin jirgi ta cika da motoci.

"Ka ji faifan?" in ji Abdulghani.

"Na ji. A motar wani."

"To?"

"Gangar nan ba ta numfashi."

"Na sani. Kullum na saurara sai na ji."

"Amma waƙoƙin sun yi," in ji Kassimu, idonsa a kan hanya. "Baba ya ji shi?"

"Ya ji. Kullum sai an sa masa. In aka zo tasa sai ya rufe fuska da hannu, kunya yake ji."

Suka yi 'yar dariya. Can sai Abdulghani ya gyara zama ya ce, "Ina da roƙo. Koya mini yadda zan gaida khali. Yayan Ummi. An ce mutum ne mai tsanani, kada in je in kunyata ta."

"Da farko ba khali ba ne, Kawu ne. Ka cire takalmi tun daga bakin zaure. Ka durƙusa, kada ka miƙa masa hannu sai in shi ya miƙo. Kada kuma ka sumbaci kansa yadda kuke yi a nan, zai zaci wani abu ya same ka."

"Tayyib. Sai in ce me?"

"Ina kwana, Kawu. Mun same ku lafiya. Yaya iyali. Yaya ƙarin haƙurinmu. In ya tambaye ka gajiya, ka ce ba gajiya."

"Ko na gaji?"

"Ko kana faɗuwa."

Abdulghani ya maimaita, Kassimu yana gyara masa, ya sake maimaitawa. Ƙarin haƙuri ya ba shi wuya, ƙa ɗin ta ƙi fita yadda ya kamata. Suna kan haka har suka iso. A bakin ƙofar shiga, bayan an sauke kaya, Hajiya Sharifa ta sa wa Kassimu albarka ta ce ya nemi mata ya yi aure, zaman kaɗaici ba shi da kyau. Ya ce to, Hajiya. Abdulghani ya rataya jitarsa, ya riƙe hannun uwarsa, suka shige cikin jama'a.

Gwangwani ba su sake wasa ba. Saleh ya yi aure a shekarar da ta biyo, ya bar aikin katifu ya koma wani babban kanti, sai dai su haɗu da Kassimu a wurin suna ko jana'iza. Faifan na biyu ya ci gaba da yawo a tsakanin mutanen Mahjar, mata suna sa shi a kicin, direbobi a mota, yawancinsu ba su san an taɓa yin na farko ba. Wasu samari daga Safa suka nemi Kassimu ya buga musu ganga, ya je, ya yi musu 'yan watanni. Suna da gudu yadda yake so, amma ba mai jin Hausa a cikinsu, kuma Ammu suke ce masa, wato baffa. In an gama gwaji su shiga motocinsu su tafi cin abinci, shi ya tsaya ɗaure kaya.

Wata rana da azahar, yana kwance a ƙarƙashin wata mota, wayarsa ta yi ƙara. Lambar Najeriya ce. Ya fito ya goge hannu a wando ya ɗauka.

"Ina wuni, Malam Kassimu. Yaya aiki. Yaya ƙoƙari da ɗawainiya. Yaya gajiya." Abdulghani ne, ƙa da ɗa duk sun zauna a bakinsa.

"Ba gajiya," in ji Kassimu. "Kai, ka zama Bakatsine!"

"Ina fa. Balarabe yara ke kirana. Na buɗe shagon ɗinki da keken Abuya, wallahi har na fara iyawa. Ka san abin dariya? Rannan na yi musu waƙoƙin nan a gidan Kawu. Suka saurara, suka ce sun yi daɗi, amma su da Larabci suke so in yi musu, tunda daga can na zo."

Kassimu ya yi dariya har mai gareji ya juyo.

"Ina so in tambaye ka," in ji Abdulghani. "In na samu hali, ko da nan da shekara ne, za ka buga mini…"

Layin ya yanke. Kassimu ya tsaya a bakin garejin da wayar a hannu, cikin rana, yana jira a sake kira. Motoci suna ta wucewa. Da ya ga ba a kira ba sai ya gwada lambar da kansa, wata murya ta ce ba a samun ta yanzu. Ya sa wayar a aljihun gaba inda zai ji ta, ya koma ƙarƙashin motar ya ci gaba da kwance bututun da ya fara.